Kalanda uku, link ɗaya: ya ake haɗa su?

Tambaya: Salam Malam, ina da kalanda har uku, ta wajen aiki a Outlook, tawa ta kaina a Google, sai ta iCloud a waya. So nake su haɗu wuri ɗaya suna sabunta kansu, in ba abokan aikina link ɗaya su riƙa ganin lokacin da nake da uzuri. Zai yiwu kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, zai yiwu sosai. Duka ukun suna jin yare ɗaya da ake kira iCalendar, wato fayil mai ƙarewa da .ics, tun 1998 ake amfani da shi. Kowacce za ta iya ba ka link ɗinta. A Outlook ka shiga saitin kalanda ka nemi Publish a calendar ka kwafi na ICS, in ka ga babu to masu kula da kwamfutocin ofis ne suka rufe, sai ka tuntuɓe su. A iCloud ka kunna Public Calendar. Daga nan ka buɗe Google Calendar a burauza ta kwamfuta, don manhajar waya ba ta da wannan wajen, ka danna alamar + kusa da Other calendars, ka zaɓi From URL ka liƙa.

To nan ne mutane ke ruɗewa. Za ka ga komai ya jeru a allo ɗaya kowanne da kalarsa, sai ka ɗauka an gama, alhali kai kaɗai ke ganinsu a haɗe, in ka tura wa wani kalandarka ta Google waɗancan biyun ba za su bi ta ba. Ga kuma jinkiri, Google ba ya saurin leƙo irin wannan link ɗin, ka ɗaga mitin da safe a Outlook amma ya ƙi nunawa sai bayan awanni, wani lokacin har washegari. Kar kuma ka bi ta Import, kwafi ɗaya yake yi ya tsaya.

Shawarata ka buɗe sabuwar kalanda fanko a Google, ka sa wani abu ya riƙa kwaso al'amuran yana zubawa a ciki. In kana ɗan taɓa harkar kod, akwai GAS-ICS-Sync, kyauta ne, a kan Google Apps Script yake aiki, wato dandalin Google na rubuta ƙananan kod, ka jera masa link ɗin ukun, har da na Google ɗinka da ke ƙarƙashin Secret address a saitin kalandarka, ka ce ya riƙa dubawa duk minti 15. In ba ka son wannan wahalar akwai Zapier ko Make, shafukan da ke haɗa manhajoji su riƙa tura wa juna bayanai, sai dai ka gwada da kyau, ka ƙirƙiri mitin na ƙarya, ka canza masa lokaci, sannan ka goge shi ka ga ko ya ɓace a can ma, don wajen gogewa aka fi samun matsala.

Don Allah ka kula da link ɗin nan, duk wanda ya samu zai karanta komai ba tare da fasuwod ba, har ganin likita da ka rubuta. Wajen raba sabuwar kalandar ka zaɓi See only free/busy, abokan aikinka za su ga ba ka da sarari daga 10 zuwa 11 amma ba za su san me kake yi ba. In kuma link ɗin Secret address na Google ya fita hannunka, akwai maɓallin Reset a gefensa, ka danna tsohon ya mutu.