Baƙin mai na ɗiga daga injin tsohon babur

Ɗan'uwa, ka ce babur ɗinka na barin baƙin mai a ƙasa kullum da safe. Kada ka yi saurin kwance inji. Inda ka ga mai ba lallai nan ne tushen yoyon ba, domin gangarowa yake yi, iska kuma ta kora shi baya.

Wanke injin da kananzir, ya bushe, ka barbaɗa hoda, ka tuƙa minti 10. Inda ta fara jiƙewa daga sama, nan ne.

Sau da yawa wosha ɗin notin juye mai, wato ɗan zoben da ke ƙarƙashin kan notin, ne ya mutu, ko robar bakin sandar giya. Idan wosha ne, sauya shi kawai; idan robar ce, ita za ka sauya. Matse noti da ƙarfin tsiya cinye zare yake yi. Duba ma ko man ya wuce layin da ke nuna iyakar cikarsa.