Yaron da Bai Buɗe Baki Ba: Amsa Daga Garwa

Yaya Hajiya, kin tambaye ni yadda mu Hausawan Garwa ta Kamaru muke yi idan yaro ya kai shekara biyu bai fara magana ba, ko mu ma wajen malam ake fara kai shi kamar yadda kika ce ana yi a Kano. Ana kaiwa. Ana karɓo rubutu, ana tofi, wasu su kira wanzami ya duba linzami. Amma muna da wani uzuri namu da ku ba ku da shi, kuma shi ya fi damuna.

Yaronmu a nan cikin harsuna uku yake tashi. Hausa a ɗaki, Fulatanci da zarar ya leƙa ƙofar gida ko kasuwa, Faransanci a bakin yayyensa 'yan makaranta. To idan uwa ta ce bakin ɗanta ya yi nauyi, kafin ta rufe baki an ce mata harsuna ne suka yi masa yawa, ta bar shi zai ware. Da wannan magana ake cinye shekara guda, har biyu. Alhali yawan harshe ba ya hana yaro magana. Zai iya cakuɗa su, ya ɗauko kalma nan ya ɗauko can, amma yana kallon idonki, yana waiwayowa idan kin kira shi, yana miƙo miki abin da ya tsinta don ki gani.

Abin da nake gaya wa matan unguwarmu ke nan: ku daina ƙirga kalmomi kawai, ku dubi yadda yaron yake neman mutane. Ya cika shekara, ana kiran sunansa ba ya juyowa, alhali ƙarar leda daga nesa tana sa shi zabura? Ya kai wata 18 bai taɓa nuna akuya ko babur da yatsa yana waigowa ya ga ko kin gani ba? Idan yana son ruwa, hannunki yake ja ya ɗora a kan randa ba tare da ya dubi fuskarki ba? Ga jera murafen kwalba a layi, a taɓa ɗaya ya yi ta ihu. Ga kaɗa hannaye, jujjuyawa, toshe kunne idan injin markaɗe ya tashi. Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne yaron da ya fara cewa mama da baba, sannan kalmomin suka ɓace. Wannan ba a jira da shi. Alama ɗaya ba hukunci ba ce, amma idan sun taru ana zargin galahanga, wato autism, wadda a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kiyasta tana samun kusan yaro 1 cikin 100, an kuma fi gano ta a maza. Ba iska ba ce, ba sakacin uwa ba ne, yanayin ginuwar ƙwaƙwalwa ne, gado yana da hannu sosai a ciki.

Wani abu da zamanmu a nan ya koya mana shi ne a fara da kunne. Daga Garwa zuwa Marwa muna cikin yankin sanƙarau, kuma sanƙarau yana barin yaro da kurumta. Yaron da ba ya ji ba zai amsa suna ba, sai a ɗauka wani abu ne daban.

Kin kuma yi maganar allura, wai rigakafi ne yake jawo galahanga. Jita-jitar ta iso nan ma. Asalinta wani rahoto ne na 1998 a Ingila da ya danganta rigakafin ƙyanda da galahanga, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, likitan kuma aka soke lasisinsa. Katin awo a wajenmu abu ne mai daraja, da shi ake zuwa kowane asibiti. Da damina ma'aikata suna bi gida-gida da maganin kariyar zazzaɓin cizon sauro ga 'yan ƙasa da shekara 5, kuma tun Janairun 2024 Kamaru ta sa rigakafin zazzaɓin cikin alluran yara. Inda har yanzu muke tare da ku a kuskure shi ne gudawa: sai a ce haƙori ne, maɗiga ta faɗa ana shafa mata magani, alhali ruwan jikin jaririn ne ya ƙare, ruwan gishiri da sukari da zinc yake buƙata.

Masu koya wa yara magana da likitocin ƙwaƙwalwar yara sun fi yawa a Yawunde da Duwala. Daga nan sai an yi mota zuwa Ngaundere, a kwana a jirgin ƙasa, kuɗi ba kaɗan ba. Shi ya sa dangi suke haɗa hannu, mai tafiya fatauci kudu ya raka uwar, ta sauka a gidan 'yan'uwa. Kafin tafiyar, aikin gida ba ya tsayawa: a zauna daidai tsayin yaron, a kira sunan abin da yake riƙe, a ɗan dakata a ba shi damar nema, a rage masa waya. Kuma kada a yanke masa Hausa don wai Faransanci kaɗai zai fi masa sauƙi.

Jikan naki da kika ce ya kusa shekara biyu, ki ce wa uwarsa ta kai shi a gwada jinsa cikin makon nan, ta kuma gaya wa likitan yara duk abin da kuka lura da shi. Addu'a kuma a ci gaba da yi. Allah ya raya mana shi. A gaida Alhaji da yara.