Kun Tambaya: Kamfanin Jamus Na Son Mu Nemi Tallafin Bincike Tare

Tambaya: Salamu alaikum. Ina da ƙaramin kamfani a Suame Magazine, unguwar maƙera da makanikai ta Kumasi a Gana, muna ƙera injin busar da barkono da kuɓewa mai aiki da hasken rana. Wani kamfani a Jamus ya aiko mana takarda, yana son mu haɗa kai mu nemi tallafin gwamnati na bincike don a inganta injin. Shin kuɗin kyauta ne? Me zan tanada? Daga wani maƙeri, Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. E, ba bashi ba ne, amma kuma ba jari ba ne. Ba za a ba ka ka sayo ƙarfe ka ƙera injuna ka sayar ba. Ana biyan abin da aka kashe ne a kan gwaji: albashin masu aikin, kayan gwaji, tafiye-tafiye da awo a ɗakin bincike.

Tambayar farko da za ka yi wa mutanen Jamus ita ce: wane shiri ne, kuma a wane matsayi za a rubuta sunan kamfanina? Komai ya rataya a nan.

Idan Horizon Europe ne, wato shirin Tarayyar Turai na 2021 zuwa 2027 mai kimanin Yuro biliyan 95, Gana na cikin ƙasashen da kamfanoninsu ke iya karɓar kuɗi a matsayin cikakken abokin aiki. Sai dai ku biyu ba ku isa ba. Yawanci ana son aƙalla hukumomi ko kamfanoni 3 daga ƙasashe 3 na Tarayyar ko waɗanda suka ƙulla yarjejeniya da shirin, kai kuma ka zo a na huɗu. Idan kuwa Innowwide ne, na Eureka, ƙungiyar ƙasashe da ke tallafa wa bincike da ƙirƙira, kamfanin Turai ne ke karɓar Yuro 60,000 don aikin wata 6, kai ɗan kwangilarsa ne. Za a biya ka ladan aikinka, wannan ba laifi ba ne, amma ka san cewa ɗan kwangila galibi ba shi da haƙƙi a kan abin da binciken ya haifar.

Ga lissafin da ke kayar da mutane. A aikin da ya kusa kai kaya kasuwa, Horizon na biyan kamfani mai neman riba kashi 70 cikin 100 ne kawai. A ce kasonka na albashi da kaya ya kai Yuro 40,000. Za a ɗora kashi 25 na wuta da haya da makamantansu, ya zama 50,000. Za su biya 35,000, sauran 15,000 daga aljihunka. Kuma daga rufe karɓar takardu zuwa sa hannu yakan ci har wata 8, duk abin da ka kashe kafin ranar fara aiki ba za a mayar maka ba. Kuɗin farko ma hannun jagoran tawagar da kuka haɗa yake shiga, shi ne zai turo maka naka. In ka sayi babban inji, yawanci ba a biyan cikakken farashinsa, sai gwargwadon raguwar darajarsa a lokacin aikin. Wanda ba shi da abin riƙe ma'aikata na wata uku ko huɗu, gara ya nemi ƙaramin kaso.

Takardu kuwa: rajistar kamfani daga Ofishin Rajistar Kamfanoni, lambar haraji da shaidar hukumar haraji ta GRA, shaidar biyan asusun fanshon ma'aikata na SSNIT, da lissafin shekara wanda akanta ya duba. Ka yi rajista a shafin tallafi na Tarayyar Turai ka karɓi lamba mai alƙaluma 9 da ake kira PIC. Ka buɗe asusun Yuro da sunan kamfani, domin sidi kan yi hawa da sauka tsakanin rubuta kasafi da sayen kaya. Mun san a Magazine akan biya yara kuɗi hannu da hannu da yamma. A wannan aiki hakan ba zai yiwu ba. Kowane ma'aikaci sai da takardar ɗauka da rubutaccen adadin kwanakin da ya yi a kan aikin, kowane ƙusa da rasit, a ajiye su shekara 5 bayan biyan ƙarshe. Abin da ba shi da shaida, masu binciken kuɗi na iya cewa a mayar.

Abin da ya fi damun mu shi ne fasaharka. Kafin ka aika zanen injin, ku sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri. A yarjejeniyar tawaga kuma a rubuta dalla-dalla abin da ka zo da shi tun farko, da wanda zai ƙera ya sayar a Gana da Afirka ta Yamma. Kada ka saka bidiyon cikin injin a Facebook ko TikTok kafin neman rajistar mallaka, don a Turai abin da aka riga aka nuna wa duniya ba ya samun rajista. Ka kuma jawo jami'ar KNUST ko Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta hukumar binciken kimiyya ta ƙasa, CSIR, da ke Fumesua, su auna maka zafin injin da yawan danshin da ya rage a barkono. Masu tantancewa alƙaluma suke so.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi sidi 500 ya samo min fom ɗin tallafin Turai na masu sarrafa man kaɗe. In bayar? Daga wata 'yar kasuwa, Asawase.

Amsa: Hajiya, kada ki bayar. Neman waɗannan tallafi kyauta ne, lambar PIC ma kyauta ce, kuma ba wanda ke da ikon yi miki alƙawarin samu. Ki je ofishin Hukumar Bunƙasa Ƙananan Kamfanoni, GEA, wadda ta maye gurbin tsohuwar hukumar NBSSI a 2020, ki tambayi shirye-shiryen da ke buɗe yanzu. Ki tafi da takardar rajistar sana'arki da katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card.