Amsa ga Hajiya kan ruwan tankin kwatas

Assalamu alaikum jama'ar kwatas. Hajiya ta bulo na uku, na saurari muryarki. Kin ce yara biyu sun kwana suna gudawa, ruwan famfo kuma yana ɗan wari, kina tambaya ko a haɗa kuɗi a haƙa sabuwar burtsatse. Allah Ya ba su lafiya. Kafin komai a haɗa musu ruwan gishiri da sukari, in kuma kika ga gudawar ta koma fara kamar ruwan shinkafa, ko ido ya faɗa, kar a jira gari ya waye, a tafi asibiti. Ba mu manta 2021 ba, amai da gudawa ta kama sama da mutum 100,000 a ƙasar nan, ta kashe fiye da 3,000, Kano da Jigawa da Bauchi na cikin inda aka fi jin jiki.

To amma ni a fahimtata, abin da kike son sani shi ne, laifin rijiya ne ko namu. Hajiya, namu ne. Ni nake kunna injin nan, ina ganin ruwan da yake fitowa daga ƙasa, garau yake. Tsakanin tanki da bakin yaro ake ɓata shi. Wa ya hau saman tankin nan bana? Ni na hau. Murfin ya tsage tun iskar farkon damina, wani ya ɗora masa bulo ya tafi. Kashin tsuntsu yana shiga, ƙadangare yana shiga, ƙura tana shiga. Gindin tankin laka ce, gefensa gansakuka. Tanki irin wannan ko sau biyu ne a shekara ya kamata a zubar da ruwansa, a dirje shi da buroshi, a ɗauraye da ruwan kulorin. Yaushe rabon da a wanke namu? Ko burtsatse goma aka haƙa, cikin wannan tankin dai ruwan zai zuba.

Sannan bututu. Gidajen nan tun zamanin Shagari aka gina su, farkon shekarun 1980, bututun ƙarfe ne, ya haura shekara 40 a ƙasa. Ku je bayan bulo na biyu ku ga inda ya ratsa ta cikin kwata. In da ruwa a cikinsa, ƙarfin ruwan waje yake turawa, sai ka ga yana tsirtowa ta huda. Da an kashe ruwa, bututu ya zama wayam, ta wannan hudar dai zai zuƙo ruwan kwata. Shi ya sa ruwan farko na asuba ya fi wari. Ko ruwan da ake tacewa a Tamburawa da Challawa, da kulorin ɗinsa da komai, in ya biyo ta fasasshen bututu haka zai iso gida.

A'a, bari in gyara, na ce rijiya ba ta da laifi, na yi gaggawa. Akwai sokawen nan, ramin masai da aka haƙa bara kusa da ita. Masana suna cewa a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. Na auna da ƙafata, taku 18 na samu. Garau a ido ba shi ne tsafta ba, ƙwayar cuta ba a ganinta. Don haka a ɗebi ruwa daga bakin rijiyar kanta, a ɗebi na tanki daban, a kai gwaji. Sai mu san inda za mu sa kuɗi.

Kuɗin ma ai muna da shi, a ƙasa muke zubarwa. Shekara uku ke nan ina maganar fulotar tankin nan, wato abin da yake tsayar da ruwa in tanki ya cika. A taron da aka yi a ƙofar masallaci na tashi na ce ta lalace, aka ce a bari sai an tara kuɗin wata. Tanki ya cika, ruwa ya yi ta ambaliya ta sama, in ban kusa ba sai ya yi awa guda yana zuba, har ya yi tafki a gindin ƙarfen da tankin yake kai, ƙarfen ya fara tsatsa, sauro ya samu gida. Man da aka ƙona aka ɗago wannan ruwan, daga aljihun wa ya fito? Na sake faɗa bara, na sake faɗa da azumi. Abin yana min ciwo wallahi, don kuɗin fulota bai kai na man kwana biyu ba. Famfon da yake ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa, kafin kwana ya zagayo ya cika jarkar lita 20, kuma 'yar roba ce kawai za a canja. Ku ƙirga famfuna nawa ne suke ɗiga a kwatas ɗin nan, ga tankunan bayi masu zurarewa dare da rana. Masu wanke mota da tiyo kuwa, alhali bokiti biyu... to, bar wannan, sai mun haɗu.

Hajiya, kafin a gyara, ruwan sha a tafasa shi, ya yi ta ɓararraka na minti ɗaya. Ko a sa maganin kulorin na tsaftace ruwa, WaterGuard ko Aquatabs, yadda aka rubuta a jiki, a jira minti 30. Alif datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe cuta, kar a dogara da shi. Na 'yan ga-ruwa ma a tafasa shi ko a sa masa maganin. Kuma randa, don Allah a rufe ta, moɗa ɗaya mai mariƙi a rataye a sama, kar kowane yaro ya tsoma kofinsa da hannunsa. In da hali, bokiti mai famfo ya fi.

Shugaba, ranar Asabar bayan asuba ina son samari huɗu da tsani da buroshi, a kira filamba ya zo da fulota da sabon murfi, ya duba bututun kwatar nan. Kowane gida ya ɗebi ruwa ranar Juma'a da dare, don ranar Asabar ba za a kunna inji ba sai yamma. Wassalamu alaikum.