Tambaya da Amsa: Me Ya Sa pacman Ya Fi apt Sauri?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da kwamfuta biyu iri ɗaya, ɗaya da tsarin Linux na Debian, ɗaya da na Arch. In na girka manhaja guda a kansu, sai pacman, mai girka manhaja na Arch, ya gama alhali apt, na Debian, bai yi nisa ba. Laifin apt ne, ko akwai abin da zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mafi yawan jinkirin nan da gangan aka gina shi. Shi apt aikinsa sauke ƙunshi (fayilolin manhaja da aka haɗa wuri ɗaya) da lissafa abin da kowanne ke buƙata. Mai zuba fayiloli a kan faifai shi ne dpkg. To dpkg ba ya sa sabon fayil a gurbin tsoho sai ya kira fsync, wato sai faifan ya tabbatar masa cewa fayil ɗin ya rubutu. Ƙunshi mai dubban ƙananan fayiloli kuwa jira ne a kan jira, musamman a faifai mai juyawa. Amfaninsa yana bayyana ranar da wuta ta ɗauke ana tsakar sabuntawa: ba za ka tarar da fayiloli fanko ba, galibi "dpkg --configure -a" sannan "apt --fix-broken install" sun isa su ƙarasa aikin. Shi pacman ba ya wannan jira a kan kowane fayil.

Sai matsi, wato yadda ake matse ƙunshi don girmansa ya ragu. A ƙarshen 2019 Arch ta bar salon matsi na xz ta koma na zstd. Bisa lissafinsu, girman ƙunsoshin ya ƙaru da kusan kashi 0.8 cikin 100 kawai, amma saurin warware su ya ninka fiye da goma. Tsarin Linux na Fedora 31 da Ubuntu 21.10 su ma sun koma zstd, Debian kuwa ta tsaya a xz, wanda ke cin lokacin kwamfuta wajen warwarewa. Ga kuma ayyukan da ke biyo bayan girkawa, kamar sake gina jadawalin man-db (na shafukan bayanin umarni) da initramfs (fayil ɗin da tsarin ke fara lodawa in an kunna kwamfuta), waɗanda saurin intanet ba ya rage musu komai.

Abin da za ka iya gyarawa: sa "--no-install-recommends" don apt ya daina janyo ƙunsoshin da shawara ce kawai, ba dole ba. Akwai kuma force-unsafe-io da ake rubutawa a fayil cikin /etc/dpkg/dpkg.cfg.d/, mai kashe jiran fsync. Wannan ya dace da kwantenar Docker (keɓantaccen wurin gudanar da manhaja) da za a yar a gina wata. Ba mu yarda a sa shi a kwamfutar da ake dogaro da ita ba.

A Arch ɗin ma ka kula. Kada ka yi "pacman -Sy", mai sabunta jerin ƙunsoshi kawai, sannan ka girka ƙunshi ɗaya tak. Zai iya janyo sabon laburare (fayil da manhajoji da yawa ke amfani da shi tare) ya goge tsohon da sauran manhajoji ke nema, su ƙi buɗewa. Kullum "pacman -Syu", mai sabunta komai tare. In saukewa ke ba ka wahala, duba layin ParallelDownloads, mai sauke ƙunsoshi da yawa a lokaci ɗaya, a /etc/pacman.conf, wanda ya zo da pacman 6.0 a 2021.

Tambaya: Na girka ƙaramar manhaja ta Flatpak, sai ta sauke ɗaruruwan megabayit. Me ya jawo?

Amsa: Flatpak, wanda wata hanya ce ta girka manhaja a Linux, ba ya amfani da laburaren da ke kwamfutarki, Malama. Yana sauko da nasa tushen, wato tarin laburaren da manhajar ke buƙata, na Freedesktop ko GNOME ko KDE, shi ya sa manhaja ɗaya ke aiki a kowace irin Linux. Nauyin a manhaja ta farko yake. Ta biyu mai tushe iri ɗaya ba za ta sake sauke shi ba, kuma OSTree, ma'ajiyar da Flatpak ke amfani da ita, yana ajiye fayiloli masu kama ɗaya sau ɗaya kawai. Matsalar ita ce tsofaffin tushe kan taru bayan manhajoji sun koma sabbi. Lokaci-lokaci ki riƙa yin "flatpak uninstall --unused" don share waɗanda ba mai buƙatarsu.