Amsa: Da takobin ƙarfe ake fara koyo?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ka sayi takobi mai kaifi ka fara atisaye da shi a unguwar Aboabo da ke Kumasi. Don Allah kada ka fara da ƙarfe. Samu gora ko katako mai tsawon kusan mita 1, kafinta ya goge maka shi sumul don kada sartse ya shige ka. Ko masu kendo, wato wasan takobi na Jafan, da takobin gora suke karawa da juna.

Riƙo shi ne tushe. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi su ne ke damƙe ƙota, babban yatsa da manuniya kuwa a sassauta su. Wanda ya matse da hannu gaba ɗaya, wuyan hannunsa ne zai fara ciwo, saran kuma ya karkace. Yi sara 50 daga sama zuwa ƙasa a hankali, ƙafa na tafiya tare da hannu, ka tsayar da sandan daidai ƙugu.

In ka kai ga ƙarfe daga baya, laimar Kumasi tana sa tsatsa da wuri. Goge ruwan takobin bayan kowane taɓawa, ka shafa man keken ɗinki kaɗan, kuma kada ka bar shi watanni cikin kuben fata.