Asid fata kawai yake gani

Ka ce a makaranta an koya muku asid nitirik ba ya cin zinari, kana tambaya me ya sa nake sa ka auna kaya cikin ruwa bayan dutsen gwaji ya nuna gwal ne. Malaminku bai yi ƙarya ba. Ka ɗiga nitirik a kan tagulla, nan take za ta yi kumfa kore, jan hayaƙi ya tashi, kuma kar ka kuskura ka shaƙe shi. Zinari ko gezau ba ya yi sai ka haɗa kashi uku na asid haidirokulorik da kashi ɗaya na nitirik, shi ne ruwan da ke narkar da shi. Yadda ake goga kaya a dutse da yadda ake riƙe kwalba ba zan ɓata yawuna a kai ba, wanda bai iya wannan ba ya koma sayar da rake.

Abin da ba a gaya maka ba, asid fata kawai yake gani. Wata Juma'a, shekarun baya, wani mutum ya zo shagon nan da babbar riga da carbi, mota a waje tana jira. Awarwaro shida ya kawo, wai na uwargida ne daga Dubai, za a yi mata aiki a asibiti. Kowanne da hatimin 875, wato karat 21. Ya san sarai na tafi masallaci, ai lokacin ya jira. Yaron da na bari a shago, irinku ne, ido a waya. Ya goga a dutse, ya ɗiga asid, layin da kayan ya bari a dutsen ya tsaya rangaɗau, alamar gwal ne. Ya ɗora a sikeli, giram 200. Ya buɗe akwati ya ƙirga wa mutumin kuɗi, har da rakiya bakin mota yana yi wa Hajiya addu'ar samun sauƙi!

Da na dawo na ɗauki ɗaya, hannuna ya gaya min kafin sikeli. Kaurinsa ya fi nauyinsa. Na sa magagari na ci shi da zurfi, sai ga tagulla, can ciki kuma dalma aka ɗura don ta ƙara nauyi. Rufin gwal ne mai kauri, wanda ya yi shi ya san aikinsa, Allah ya isa. Filin da na saya don in gina wa 'ya'yana, shi na sayar na biya masu jari. Mun kai ƙara, muka yi ta sintiri har takalmi ya ƙare, mutumin ko ƙurarsa. Yaron kuwa ce min ya yi ai akwai hatimi. Hatimi! Ƙarfen buga 875 ko kai za ka iya saya.

Da ya rataya kayan da zare cikin kofin ruwa, da magana ta ƙare. Ka auna a iska, ka auna cikin ruwa, ka raba nauyin farko da abin da ya ragu. Tsantsar zinari 19.3 zai ba ka, karat 18 wajen 15.5, dalma 11.3, azurfa 10.5, tagulla ba ta kai 9 ba. Giram 200 na karat 21 zai rage kusan giram 12 a ruwa. Waɗancan awarwaron wajen 20 suka rage, na auna da hannuna daga baya, ina huci.

Kuma kar ka ɗauka ruwa ya gama komai, don na san ku, kun ji abu ɗaya kun zama malamai. Kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu zai ruɗe lissafin. Akwai kuma ƙarfen tungustan, nauyinsa kusan ɗaya da na zinari, ruwa ba ya tona shi. Shi wuta ce maganinsa: zinari yana narkewa a digiri 1064, tungustan sai ya wuce 3400. Duk kaya mai kauri, gaya wa mai shi za ka yanka. In ya ce sauri yake yi, miƙa masa abinsa.

Je ka ɗauko zare da kofin nan, ka auna min zoben da ke cikin aljihun tebur, kuma ajiye wayar nan tukuna.